Ta ina malami zai fara koyar da ilimin halayyar ɗan Adam ga 'yan aji ɗaya?

Tambaya: Ni ƙaramin malami ne a wata jami'a a nan Katsina. An ba ni kwas ɗin gabatarwa na ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji, awa biyu a mako, ɗalibai sun haura 200. Wasu sun ɗauka za a koya musu karanta zuciyar mutum, wasu na cewa ilimin mahaukata ne, wasu kuma na tambaya ko bai saɓa wa addini ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah ya yi jagora, ya sa albarka a aikin. Roƙona na farko shi ne kada ka buɗe darasin farko da ma'ana. Abin da aka saba shi ne malami ya shigo ya rubuta a allo cewa saikoloji nazarin ɗabi'a ne da ayyukan tunani ta hanyar kimiyya, ya kawo Wilhelm Wundt da ɗakin gwajin da ya buɗe a Leipzig ta ƙasar Jamus a 1879, ya jero mazhabobin fannin, ɗalibai su kwafe. Duk gaskiya ne, kuma lokacinsa zai zo. Amma ɗalibin da aka tara da wannan ya riga ya yanke hukunci kafin awa ta cika cewa wannan ma kwas ɗin hadda ne. Ba wanda ke shigowa ajin kemistiri da ra'ayin kansa a kan sinadari. Shi kuwa ɗalibinka ya shafe shekara 18 ko 20 yana lura da mutane a gida da kasuwa da majalisa, ya kuma gamsu cewa ya san su. Don haka aikin makonni uku na farko ɗaya ne: ya gani da idonsa cewa ƙwaƙwalwarsa na iya yaudararsa alhali yana rantsuwa a kan gaskiyarsa. Wanda ya ga haka shi ne zai fahimci dalilin da ya sa ake buƙatar gwaji da awo.

Ranar farko ga abin da za ka yi, ba ya buƙatar wuta ko majigi. Kowa ya fito da takarda, ya ajiye biro a kan benci. Ka karanta kalmomi 15 da murya ɗaya, tazarar sakan biyu tsakanin kowace: gado, mafarki, dare, gyangyaɗi, kwanciya, katifa, hamma, gajiya, bargo, hutu, filo, farkawa, minshari, tabarma, gidan sauro. Ka ce filo, kada ka ce matashi, don kada hankalin wasu ya tafi ga saurayi. Daga nan ka ba su minti biyu kowa ya rubuta abin da ya tuna, ba duba na maƙwabci. Sai ka fara ƙirga hannuwa. Wa ya rubuta gado? Kusan kowa. Gidan sauro? Da yawa. Gajiya ko hutu, waɗanda ke tsakiya? Hannuwa za su ragu. A nan ka riga ka nuna musu cewa farkon jeri da ƙarshensa sun fi tsakiyarsa zama a kai. Sannan ka tambaya: wa ya rubuta barci? Hannuwa masu yawa za su tashi, alhali ba ka faɗi kalmar ba. Wasu za su yi gardama cewa sun ji ta da kunnensu. James Deese ne ya fara wannan gwaji a 1959, Roediger da McDermott suka farfaɗo da shi a 1995, inda mahalarta suka tuno kalmar da ba a faɗa ba a kashi 40 cikin ɗari na lokuta a gwaji ɗaya, kashi 55 a ɗayan.

Abubuwa huɗu ke ɓata shi. Na farko, kalmar ta suɓuce maka kafin a fara, ka ce "kada kowa ya yi barci", shi ke nan gwaji ya mutu. Na biyu, na bayan aji ba su ji ba, sai su tambayi na kusa, don haka ka nemi lasifika ko ka tsaya a tsakiyar ɗakin. Na uku, mutanenmu na nan da yawa kwana za su rubuta a maimakon barci, ka ƙirga su tare. Na huɗu, akwai ɗaliban da Hausa ba harshen uwarsu ba ce. Ka shirya musu irin jerin da Turanci, tunda dama da Turanci kake koyarwa, ka ƙirga nasu daban. Kuma ka sa wani ya ɗauki muryarka a waya lokacin karantawa, domin ita ce za ta raba gardama.

Kada ka bar abin ya tsaya a matsayin wasa. Ka kai su ga shaida a kotu da sulhu a ƙofar mai unguwa. A 1974 Loftus da Palmer sun nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota, suka tambayi wasu gudun da motocin ke yi lokacin da suka bugi juna, wasu kuma lokacin da suka ragargaji juna. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Cikin mutum 50 da aka yi wa tambaya da kalma mai zafi, 16 suka ce sun gani; cikin 50 na ɗayan rukunin, 7 ne. Ka bar ɗalibai su yi tunanin abin da wannan ke nufi ga mutum biyu masu gaskiya da suka ga haɗari ɗaya a shataletale suka ba da labari biyu.

Mako na biyu shi ne na masu son a koya musu karanta zuciya. A ƙarshen darasin farko ka sa kowa ya rubuta lambarsa da amsar wasu ƙananan tambayoyi, kamar launin da ya fi so da abin da ya fi tsoro, ka karɓa. Sai ka dawo da 'yar takarda a ninke ga kowa, da lambarsa a baya, ka ce bayanin halinsa ne. Kowa ya karanta shi kaɗai, ya ba shi maki daga 0 zuwa 5. Abin da ba su sani ba shi ne rubutu ɗaya ne aka ba kowa, jimloli irin su: kana son mutane su girmama ka amma kana yawan zargin kanka a ɓoye, kana da baiwar da ba ka gama amfani da ita ba, wani lokaci kana son jama'a, wani lokaci ka fi son kaɗaici. Bertram Forer ya yi wa ɗalibansa haka a 1948, matsakaicin makin da suka bayar ya kai 4.3 cikin 5. Takarda ɗaya tana ɗaukar kwafi huɗu, wato shafi 50 ya ishi aji mai mutum 200. Inda ake kuskure shi ne rabo: idan ya ɗauki lokaci, na gaba sun riga sun nuna wa juna. Ka sa wakilan aji su raba sahu-sahu, ba mai buɗewa sai ka ba da izini. Bayan an tara maki, ka ce mutum ɗaya ya tashi ya karanta nasa da ƙarfi. Su da kansu za su kawo maganar 'yan duba da masu bugun ƙasa da shafukan taurari na intanet, ba sai ka kawo ba. Abin da ya wajaba a kanka shi ne ka bayyana cewa ka ɓoye musu gaskiya na ɗan lokaci, ka faɗi dalili, ka mayar musu da takardunsu na farko. Daga nan ƙofar ladubban bincike ta buɗe: neman yardar mahalarci, riƙe sirrinsa, da yi masa bayani bayan an gama. A nan gwajin Stanley Milgram na jami'ar Yale ya dace, wanda mutum 26 cikin 40 suka ci gaba da bin umarni har suka danna maɓallin da suka ɗauka yana jona wa wani wuta mai ƙarfin bolt 450.

Mako na uku su ne za su zama gwajin. Ka raba ajin gida biyu da lambar rajista, masu mara da masu cika. Kada ka raba da wurin zama, domin masu zama a gaba sun bambanta da na baya tun kafin ka fara, kuma kada ka raba maza da mata. Wannan bayanin shi kansa rabin darasin ne. Umarni a rubuce za ka ba su, kada wani rukuni ya san na ɗayan. Rukuni na farko zai ƙirga wasulan kowace kalma da ka karanta. Na biyu zai ba kowace kalma maki gwargwadon amfaninta ga mai tafiya daga Katsina zuwa Daura a ƙafa. Kalmomi 20 na abubuwan da ba su da alaƙa da juna, sakan biyar kowace, kuma kada ka ce za a tambaye su daga baya. Da ka gama, su juya takarda su rubuta abin da suka tuna. Ka ɗauki sakamakon mutum 20 daga kowane ɓangare ka fitar da matsakaici a allo. Yawanci masu auna amfani za su fi, domin abin da aka yi tunani a kan ma'anarsa ya fi zama a kai fiye da wanda aka kalli siffarsa kawai. Aikin Craik da Tulving na 1975 a kan haka yake. Sai yanzu ka ba su sunayen: abin da mai bincike ya sauya, abin da ya auna, da abin da ya hana ya sauya. Idan sakamako bai fito yadda ake zato ba, kada ka ɓoye, ka tambaye su me ya faru. Watakila an yi satar kallo, watakila wasu ba su bi umarni ba. Ka gaya musu cewa a 2015 wata tawagar masu bincike ta sake gudanar da gwaje-gwaje 100 da aka riga aka buga, kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Ɗalibi ya san tun daga farko cewa fannin yana tuhumar kansa.

A wannan makon ne kuma za ka nuna musu cewa abubuwa biyu su riƙa tafiya tare daban ne da ɗaya ya haddasa ɗayan. Misalin gida ya fi shiga: lokacin da gasasshiyar masara ta cika bakin titi shi ne lokacin da zazzaɓi ke cika asibitoci. Masara ba ta kawo zazzaɓin cizon sauro. Damina ce ta kawo masara, ita ce kuma ta tara ruwan da sauro ke hayayyafa a ciki. Ka sa kowa ya kawo irin wannan misali daga unguwarsu a mako mai zuwa.

Yanzu tarihi zai yi musu daɗi, kuma a nan ne amsar masu tambayar addini take. Kada ka kore tambayar, kada kuma ka mayar da aji wurin wa'azi. Ka gaya musu iyakar fannin: yana nazarin abin da za a iya lura da shi a auna, kamar tunawa, koyo, tsoro, girman yaro, tasirin jama'a a kan mutum. Hakikanin ruhi ba ya cikin abin da awo ke kaiwa gare shi, kuma ɗalibanka sun san aya ta 85 ta Suratul Isra'i a kan haka. Sannan ka nuna musu cewa malaman Musulunci sun daɗe a wannan fage. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya yi magana a kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauko wa mutum ba dalili a fili, ya kuma ba da shawarar yaƙar mummunan tunani da kyakkyawan tunani da aka tanada tun ana lafiya. Malik Badri, masanin Sudan, ya buga littafi a 1979 a kan tsaka mai wuyar da Musulmi masu wannan fanni ke ciki. Shi kuwa Sigmund Freud, likitan nan na ƙasar Austria, wanda yawancin ƙorafin masu tambayar addini ke kansa, ka ba shi minti 30, ka faɗi abin da ya ce da tasirin da ya yi, ka kuma faɗi cewa da yawa daga da'awarsa ba a iya gwada su, shi ya sa binciken yau bai dogara da su ba. A ganina kuskure ne babba a bar ɗalibi ya fita yana zaton Freud shi ne saikoloji. Ka haɗa da tarihin gida: sashen saikoloji na farko a Nijeriya an buɗe shi a jami'ar Nsukka a 1964, kuma tun 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda marasa lafiyar ƙwaƙwalwa suka riƙa zama cikin jama'a tare da danginsu suna karɓar magani.

Akwai abin da littattafan da za ka yi amfani da su ba za su gaya wa ɗalibanka kai tsaye ba. Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin a 2008, ya samu kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu 'yan Amurka ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu, waɗanda ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. Saboda haka duk lokacin da littafi ya ce "mutane suna yin kaza", ka koya musu su tambaya: waɗanne mutane? Ɗauki kunya. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban surukai, idan aka auna ta da ma'aunin da aka gina a wata al'ada, za a iya rubuta cewa ba ta shaƙu da ɗanta ba, alhali kowa a ajinka ya san ba haka ba ne. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba ladabi yake yi, amma wani littafin zai lissafa rashin haɗa ido cikin alamun damuwa ko rashin gaskiya. Idan ka zo babin hali, ka ajiye rabe-raben littafi kusa da siffofin da Anthony Kirk-Greene ya tattara a laccarsa kan mutumin kirki a wajen Bahaushe, wadda aka buga a 1974: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ka tambaye su wanne ya shiga cikin wanne, wanne kuma ya rasa gurbi. Wannan muhawara tana iya cin awa guda, kuma ba asara ba ce.

Sauran makonnin tsarinsu sananne ne: ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ji da gani, koyo, tunawa, girma daga jariri zuwa tsufa, hali, tasirin jama'a, sannan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ka tsara darussa 12 ko da kalanda ta ba ka fiye, domin rajista da hutu da gwaji za su ci wasu. Littafin Psychology 2e na OpenStax kyauta ne a intanet, mutum ɗaya ya sauke ya tura wa saura.

A babin koyo ne aka fi faɗuwa, kuma wuri biyu ne. Na farko, cakuɗa irin koyon da masanin Rasha Ivan Pavlov ya bayyana da wanda masanin Amurka B. F. Skinner ya bayyana. Ka ba su ma'auni ɗaya: shin abin yana faruwa da mai rai ne, ko shi ne ke aikatawa don samun sakamako? Yaron da aka yi wa allura sau biyu, ya koma yana kuka da ya hango farar riga, na Pavlov ne, domin tsoron zuwa masa yake yi. Yaron da ya gane cewa in ya yi birgima a shago ana saya masa alawa, na Skinner ne. Na biyu, ɗaukar ƙarfafa ɗabi'a ta hanyar cire wahala a matsayin horo, wato hukunci. Horo yana rage ɗabi'a, ita kuwa tana ƙara ta: mai ciwon kai ya sha magani, ciwon ya tafi, gobe zai fi saurin neman maganin. Ka ƙara da lada mai zuwa ba a san ranarsa ba, wanda Skinner ya nuna ɗabi'ar da aka gina a kansa ta fi wuyar mutuwa. Shagunan cacar ƙwallo a kan wannan suke tsaye, kuma samarin ajinka sun san su.

Babin tunawa kuwa ka mayar da shi hanyar karatunsu. Hermann Ebbinghaus ya nuna a 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, sannan ta lafa. A 2006 Roediger da Karpicke sun samu cewa bayan mako guda, waɗanda suka karanta rubutu sau ɗaya suka yi ta gwada tuno shi sun riƙe kashi 61, masu maimaita karantawa kawai suka riƙe kashi 40. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan a aikace: ana wanke allo ne bayan an kawo hadda da ka, kuma tilawa ba ta yankewa. Bambancin shi ne a nan ma'ana za su tuno su yi aiki da ita, ba lafazi ba. Ka fara kowane darasi da tambayoyi biyar, minti 10, uku daga makon jiya, biyu daga makonnin baya. Su yi musayar takarda su duba wa juna, kai ka karɓi na sahu biyu ko uku kawai, ba tare da sun san wane sahu ba. A jarrabawa ka rage tambayar "kawo ma'anar kaza". Ka ba su ɗan labari na layi uku, su faɗi wace ƙa'ida ce ke aiki da dalilinsu. Amma ka saba musu da irin wannan tun mako na huɗu, in ba haka ba ka zalunce su.

Babin ƙarshe yana son taka-tsantsan fiye da kowane. Ka fara da raba musu aiki: likitan ƙwaƙwalwa ya yi karatun likita, shi ke rubuta magani, masanin saikoloji na asibiti yana gwaji da jiyya ta hanyar tattaunawa, kuma sai ya yi karatu mai zurfi bayan digirin farko, kwas ɗaya ba ya ba kowa izinin cewa wane yana da cuta kaza. Ka faɗi wannan sau biyu, domin da an karanta alamomi rabin aji zai ga kansa a ciki, saura su ga kishiyar uwarsu ko abokin ɗakinsu. Ka hana kalmar mahaukaci a ajinka, ka gaya musu cewa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin marar lafiya. Sannan ka tuna su wa ke zaune a gabanka. A aji mai mutum 200 a jihar nan, da wuya a rasa wanda ya fito daga Batsari ko Jibiya ko Faskari, wanda harin 'yan bindiga ya taɓa gidansu. Kada ka kawo misalin garkuwa da mutane kwatsam, kada ka ce wanda abin ya shafa ya ɗaga hannu. Ka sanar tun mako guda kafin darasin abin da za a tattauna, ka ba da izinin fita ga mai so ba tare da tambaya ba.

Bayan wannan darasi wasu za su biyo ka ofis. Ka saurara da mutunci, ƙofa a buɗe, kada ka ba da sunan cuta, kada ka ce wa kowa ya daina maganin da likita ya ba shi. Tun kafin zango ya fara ka je asibitin makaranta da ofishin ba da shawara ka san wanda za ka tura ɗalibi wurinsa da ranakun da yake zama. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke wannan yanki akwai na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato. Idan ɗalibi ya ambaci cewa yana tunanin halaka kansa, wannan ba sirrin da za ka riƙe ba ne: ka gaya masa a fili cewa za ka nemo taimako, kada ka bar shi shi kaɗai, ka raka shi asibiti a ranar, a kuma sanar da wani babba cikin danginsa da ya yarda da shi.